Hattara da mai sayar da bushin na robar taya da sunan ɗan Beljiyam

Jama'a masu tsofaffin motoci, musamman masu Marsandi V-Boot, ku kula. Akwai wani mutum da ke tallar bushin ɗin baya, wato robobin da ke riƙe ƙarfen ƙafafun baya da jikin mota, a Facebook da WhatsApp, yana cewa ɗan Beljiyam ne ko sabo dal a kwali. Ni ya cuce ni, ba na so ya cuci wani.

Motata ƙirar 1992 ce. Ta fara ƙara daga baya, gaf, duk lokacin da na taka totur ko na saki, ga ɗuwawunta yana karkacewa a kwana, tayoyin baya kuma suna cinyewa ta gefe ɗaya. Makanikena ya ce robobi huɗun nan da ke riƙe ƙarfen ƙafafun baya da jikin mota sun mutu. Na ga tallar mutumin nan, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba, na tura masa, ya aiko ta tasha.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba bai san wahalarsa ba. Sai an sassauta ƙarfen nan na baya gaba ɗaya an sauke shi, a fitar da tsofaffin da ƙyar, a danna sababbi, sannan a je a saita tayoyi. Yini guda cur muka yi a gareji. Mako uku ba su cika ba ƙarar ta dawo. Da muka sake kwancewa, sai ga roba ta rabu da ƙarfenta. Ashe tsohon ƙarfen bushin yake samu, ya yanko robar taya ya cusa, ya manna da gam, ya fesa baƙin fenti. Na kira shi, ya toshe lambata.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da iyalina na hau hanyar Zariya a kan waɗannan robobi.

Kafin ku biya, ku riƙe kayan a hannu. Na gaske a masana'anta ake gasa robarsa ta kama ƙarfen, ba za ka ga gam a baki ba. Ku goga fetur da tsumma, in fenti ya fita an yi masa kwalliya. Ku sa sukundireba ku ɗan ɓanɓara gefen, ku duba lambar da ke jikin robar ko ta yi daidai da ta kwalin. Ku je da makanikenku, kuma kada ku tura kuɗi don hoto kawai. Mutumin yana sauya suna da lamba, amma hotunan kwalayen nan dai su yake ta sakawa.