Injin O.S. 46AX a jirgin rimot: ya yi, amma sai ka iya allura

Ga masu tambaya ko injin nan ya kai kuɗinsa, ni dai ya yi min. Ƙirar Japan ne, wajen 7.5cc, na ɗaura masa farfela 11x6 da filogi No. 8, kuma da zarar mai ya iso kafireto ba ya ba da wahala wajen tashi.

Amma fa duk maganar a kan babbar allura take, wato wadda ake murɗawa a saita yawan man da ke shiga inji. Da farko na yi masa ranin, wato gudun farko na sabon inji, da mai da yawa, yana ta tuttuɗo hayaƙi yana gurnani kamar zai mutu, haka ake so kar ka damu. Bayan nan sai ka buɗe totur duka ka riƙa rufe allurar kaɗan kaɗan har ƙarar ta kai ƙarshe ta zama siririya, to nan ne mutane ke ruɗuwa, su ji yana ihu su ce ai ya saitu, alhali a sama farfela na samun sauƙi kuma tanki na raguwa, man ya ƙara yin kaɗan, inji ya ɗau zafi ya mutu maka a iska ko ya ƙona filogi. Ka mayar da ita baya taku 2 ko 3. Sannan ka ɗaga hancin jirgin sama da totur a buɗe, in ƙarar ta faɗi to ƙara buɗe allurar. Gara ka rasa ɗan gudu wallahi.

Ƙaramar allurar silo kusan yadda ta zo na barta. In ka matse tiyon mai a silo ya mutu nan take, mai ya yi kaɗan, in ya daɗe yana ƙara gudu kafin ya mutu ya yi yawa. Juyin ɗaya bisa takwas ya isa, ba a murɗa ta da ƙarfi.

Abin da na fi so shi ne babbar allurar na nesa da farfela, yatsunka na cikin aminci, wanda farfela ta taɓa sara ya san me nake nufi.

Yanayinmu ma na taɓa shi. Saitin safiyar hunturu daban da na ranar Afrilu, iska mai sanyi ta fi son mai, don haka duk fita sai na sake saurare. Ƙura kuma, na sa masa ɗan soso a bakin kafireto.

Wahalar gaske mai ce, ba fetur yake sha ba. Mai naitiro (nitromethane, sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi) kashi 10 samunsa aiki ne a nan, wani lokaci methanol kashi 80 da man zurma kashi 20 nake haɗawa, yana tafiya amma silo ba ya zama kamar na naitiro, ga maiƙo duk jikin fiffike sai ka bi da tsumma. In ba ka da haƙurin wannan ka sayi na batir kawai.