Hattara da masu tallar mayar da kwamfuta ta gem "ba tare da ƙarin kuɗin wuta ba"

Jama'a, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da rukunonin WhatsApp: ka kawo tsohuwar kwamfutarka ta gida, ko ka tura kuɗi, a haɗa maka katin hoto (graphics card) mai ƙarfi, da akwatin wuta, wato mai rarraba lantarki a cikin kwamfuta, "wat 650", da wayar haɗi, a ƙara maka gyara da wata 'yar na'ura mai rage shan lantarki. Wai duk wani gem zai tashi, mitarka kuma ba za ta ji komai ba. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Kayan nan guda huɗu kowanne da irin algus ɗinsa, kuma wanda ya fi haɗari shi ne wanda mai saye bai cika dubawa ba.

Mu fara da lissafin da ba sa son a yi. Katin hoto shi ne ya fi komai cin wuta a kwamfutar gem, kuma kamfanonin da suka ƙera shi ba su ɓoye adadin ba. GTX 1050 Ti da GTX 1650 wat 75 ne, GTX 1060 wat 120, RTX 3060 wat 170, RX 580 kuwa wat 185. A ɗauki RX 580, tunda shi ya cika kasuwar kayan hannu. Ka tara masa furosesa mai wat 65, da wajen wat 35 na babban allo (motherboard) da fankoki da ma'ajiya, ka samu 285. Amma ba wannan mita ke gani ba, don akwatin wuta yana zubar da wani kaso a matsayin zafi. Idan mai kyau ne, yana amfanar da kashi 85 cikin ɗari, to daga soket zai ja wajen 335. Ƙara 30 na allon kallo, ya zama 365. Awa huɗu kullum, wata guda, yunit 44 ke nan. A kan farashin rukunin Band A da aka sa a watan Yulin 2024, Naira 209.5 kowane yunit, ya haura Naira 9,000 kafin haraji. Da GTX 1650 ne, lissafin zai tsaya wajen yunit 28. Waɗannan adadi na lokacin da katin ke aiki iya ƙarfinsa ne. Gem mara nauyi zai ci ƙasa da haka. Wanda ke wani rukunin sai ya duba rasit ɗin sayen yunit ɗinsa ya ninka da nasa farashin.

Ga mutum ɗaya a ɗaki, abin da sauƙi. Mai shirin buɗe gidan gem shi ya kamata ya zauna da alƙalami: kwamfuta 10, awa 10 a rana, yunit 1,095 a wata. Duk wanda ya ce maka wannan zai zo a kyauta, aljihunka yake hari.

Sai katin kansa. Tsohuwar dabara ce amma har yau tana ci: a ɗauko GTS 450 na shekarar 2010, a sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, a manna masa sabuwar riga da fanka, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti ko 1060. Sunan da Windows ya nuna ba hujja ba ce, shi ma abin da aka rubuta masa yake karantawa. Alama ta farko ido ma yana gani: idan katin na da ramin VGA, shuɗin nan mai huda 15, ka ajiye shi, domin katunan jerin GTX 10, irin su 1050 Ti da 1060, sun bar wannan ramin. Ta biyu, faifan CD da za a ba ka a ce kada ka sauko da direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, daga Nvidia, kamfanin da ke yin katunan GTX. Dalili shi ne sabon direba ba ya karɓar tsohon guntun da ke ciki. Ta uku, buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce. Ainihin 1050 Ti guntunsa GP107 ne da ƙwayoyin sarrafawa 768. Idan ka ga GF106 ko GF116 da 192, jabu ne, kuma manhajar takan rubuta FAKE a gaban sunan. Irin wannan katin yana cewa 4GB gare shi alhali sau da yawa 1GB ne, shi ya sa gem ke tashi lafiya, da an shiga inda ake buƙatar ƙwaƙwalwa sai ya rufe ko hoto ya dagargaje. Abin takaicin, GTS 450 wat 106 yake ci. Ka biya kuɗin sabo, ka samu tsoho, ga shi ya fi na gaskiyar shan wuta.

RX 580 nasa daban. Na asali ƙwayoyi 2304 gare shi. Akwai wani mai 2048, wanda a aikace daidai yake da RX 570, ana sayar da shi da farashin babban. Kuma tun da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙo, wato samar da shi ta hanyar aikin katunan hoto, a watan Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwa, an wanke su an sa a sabon kwali. Katin haƙo ba lallai ne ya zama matacce ba, sayar da shi da sunan sabo shi ne zambar. A sa masa manhajar gwajin kati ta FurMark minti 20 zuwa 30 a gabanka. Ɗigo-ɗigo a allo, baƙin allo, fanka mai ƙara kamar injin niƙa, ko zafi da ke haura digiri 85, duk dalilin fasa ciniki ne.

Yanzu ga inda gobara take. Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira PSU, ba lambar da aka buga da manyan baƙaƙe ake dubawa ba. Katin hoto da furosesa daga layin 12V suke sha. Juya akwatin ka karanta jadawalin gefensa, ka nemo amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin +12V, ka ninka da 12. Idan an rubuta 18A, wat 216 ke nan, ko da a goshinsa an ce 650. Mai wat 550 na ƙwarai zai nuna wajen 45A. Sauran "ƙarfin" na jabun an tara shi ne a layukan 5V da 3.3V waɗanda katin hoto ba ya dogara da su, ko kuma ƙarya ce tsagwaronta. Ɗaga shi a hannu ma: wanda ba shi da nauyi kamar gwangwanin madara, babu abin kirki a cikinsa. Tambarin 80 Plus kuwa, mai nuna akwatin ba ya ɓarnar wuta da yawa, kowa na iya buga sitikarsa. A nemi lambar samfurin a jerin waɗanda aka tantance a intanet.

Akwatin banza yana cutarwa ta hanya biyu. Idan kashi 70 kawai yake amfanarwa, waccan wat 285 za ta zama 407 a soket maimakon 335, wato ƙarin kusan yunit 9 a wata da ke tafiya a zafi. Sannan ba shi da kariya, ranar da ya gaza yana iya tafiya da katin da babban allon gaba ɗaya. Kuma kada a yarda da masu cewa a sayi ƙarami don ya rage kuɗin wuta. Mai wat 750 ba 750 yake ja kullum ba, abin da kwamfuta ta nema yake bayarwa.

Yawancin kwamfutocin ofis na gwanjo, sirara irin na HP da Dell, akwatin wutarsu bai wuce wat 180 zuwa 255 ba, ba shi da wayar katin hoto, sau da yawa kuma filoginsa na kamfanin ne, ba ya karɓar na kasuwa. A nan mai talla zai zaro 'yar wayar da ke mayar da filogin SATA, na ba ma'ajiya wuta, zuwa filogin katin hoto mai fil 6 ko fil 8. Ramin katin a babban allo wat 75 yake bayarwa, fil 6 wat 75, fil 8 wat 150. Filogin SATA kuwa wat 54 aka tsara masa a layin 12V. Ana tilasta masa fiye da ƙarfinsa, har kusan ninki uku, roba ta narke, waya ta yi baƙi. Irin waɗannan kwamfutoci kati mai wat 75 zuwa ƙasa ne daidai da su, wanda ba ya neman ƙarin waya, shi ma gajeren samfuri don ya shiga.

'Yar na'urar rage wuta ba ta cancanci dogon bayani ba. Kafasita ce da ƙaramar fitila a cikin roba. Mitar gida ainihin wutar da aka ci take ƙirgawa, na'urar kuma ba ta rage wannan.

Abin da tallar ba ta taɓa ambata shi ne lokacin da aka ɗauke wuta. UPS mai 650VA ainihin ƙarfinsa wat 360 zuwa 390 ne, batirin ciki 12V 7Ah. A kan nauyin wat 365 zai yi ihu ya mutu nan take ko bayan ɗan lokaci kaɗan. Batirin inbata 12V 200Ah a takarda yunit 2.4 ne, amma na dalma rabi ake sha idan ana son ya yi ƙarko, inbata ma ta ci nata, abin da ya rage bai kai awa uku na gem ba, ban da fanka da fitila. Inbata mai arha wadda wutarta ba tsantsar "pure sine" ba ce takan sa wasu akwatunan wuta na zamani ƙara ko kashe kansu. Ƙaramin janareta mai lamba 950, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wajen wat 650 yake iya riƙewa, kuma wutarsa na hawa da sauka duk sanda aka kunna wani abu a gidan.

Wajen biya, kada a yi cinikin biri a sama. Hoton GPU-Z da aka turo maka na iya zama na wani katin. Sai bidiyo kai tsaye, ko mafi kyau, gwaji a kan tebur kana tsaye. Kafin alƙalami ga wanda ba shi da shago, ko asusun banki da sunansa ya saɓa da na mai tallar, a bar shi. A rubuta lambar siriyal ta katin da ta akwatin wuta a rasit, tare da kwanakin garanti. Sannan a tafi da ƙaramar na'urar auna wat da ake sokawa tsakanin soket da filogi, a kunna gem, a karanta lambar, a ninka ta da awannin da ake wasa a wata, a raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit ɗin da za ka riƙa saye.