Tasalonikawa ta Fari da Romawa: wacce ta riga wata?

Wata 'yar'uwa ta tambaya ko Romawa ce wasiƙar da Bulus ya fara rubutawa, tunda ita ce a sahun gaba cikin wasiƙunsa a Sabon Alkawari. A'a, 'yar'uwa. Tsawo aka bi wajen jera su, doguwa a gaba. Yawancin masana suna ganin Tasalonikawa ta Fari ce mafi tsufa, ko da yake daga Koranti duka biyun suka fito.

Tasalonikawa wajen shekara ta 50 ko 51 bayan haihuwar Almasihu aka rubuta ta. Ayyukan Manzanni 18 ya ce an gurfanar da Bulus gaban Galiyo, gwamnan lardin Akaya, a zamansa na Koranti, sai kuma aka tono wani rubutun dutse a Delfi da ya nuna Galiyo na kan kujera tsakanin 51 da 52. Romawa kuwa sai wajen 56 ko 57.

Amma babban bambancin yana ga waɗanda aka aika wa. Mutanen Tasalonika Bulus ne ya yi musu wa'azi da bakinsa, ya bar su ba shiri saboda tarzoma. Da abokin aikinsa Timoti ya dawo masa da labarinsu sai ya rubuta babi biyar masu taushi, yana kwantar musu da hankali kan 'yan'uwan da suka rasu kafin dawowar Almasihu. Da ƙyar za ki ga ya ɗauko aya daga Tsohon Alkawari, domin yawancinsu daga bautar gumaka suka fito.

Roma fa, a lokacin bai taɓa taka ta ba. Yana son ikilisiyar ta san koyarwarsa, ta kuma raka shi zuwa Asbaniya. Ga kuma tarihin abin da ya faru: Sarki Kalaudiyus ya kori Yahudawa daga birnin wajen 49, har da Akila da matarsa Bilkisu, abokan aikin Bulus, bayan mutuwar sarkin a 54 suka fara komawa, suka tarar da ikilisiya cike da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. A ganina wannan ne ya sa babi 16 ɗin suka cika da Farawa, Zabura, Ishaya da Habakuk, da gardamar abinci da ranaku. Wani mai suna Tartiyus ne ya riƙe wa Bulus alƙalami, ya ma sa gaisuwarsa a 16:22.

Duka biyun suna cikin tsohon kwafin Girkanci da ake kira P46, na wajen shekara ta 200, sai dai abin da ya rage na Tasalonikawa kaɗan ne.