Buhun PICS ya raba ni da asun hatsi

Jama'a bari in ba ku labarin buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki da na saya a Dawanau bara. Da can duk masarar da muka ajiye a sito sai ka buɗe ka ga wani ɗan mitsitsin asu ya tashi, kalar busasshiyar ciyawa, bai kai tsawon farce ba, fukafukansa sirara da gashi-gashi a gefe kamar gezar mayafi. Ƙanena da ke karatun noma a BUK ya ce sunansa Sitotroga cerealella, dangin Gelechiidae, tsutsarsa ce ke shiga cikin ƙwaya ta cinye ta daga ciki, shi ya sa za ka ga ɗan rami zagayayye a jikinta, ka matsa ta fashe ba komai.

To wallahi tunda na matse iska na ɗaure kowace leda daban, wata 7 ban ga ko ɗaya ba, kuma ban zuba maganin ƙwari ba, hankalina kwance yara na cin tuwonsu. Ya fi buhun da aka saba tsada kam, kuma in ɓera ya huda shi an gama, ni kan katako nake ɗora nawa nesa da bango.