Shekara guda ina aiki da Raspberry Pi 4 a zafin Makka

Sana'ata wayarin lantarki ce, kuma abin da ya kai ni ga Raspberry Pi 4, wata ƙaramar kwamfuta da aka haɗa a kan allo guda, shi ne tankin ruwan gidanmu a nan Makka. Kamar yawancin gidaje, muna da tanki a ƙarƙashin ƙasa da wani a saman bene, sai famfon tura ruwa da mutanen nan ke kira dinamo. Sau da yawa ruwa kan ƙare ba mu sani ba, sai an shiga neman motar wayit, wato tankar sayar da ruwa, cikin dare, har Baba ya ce mini in nemo dabara tunda ni ne mai harkar wuta.

Na sayi Raspberry Pi 4 Model B, samfurin da ya fito a 2019, mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4. Girmansa bai wuce katin banki ba sai kaɗan, milimita 85 da 56, amma yana ɗauke da masarrafi, wato guntun da ke yin lissafin kwamfutar, samfurin Broadcom BCM2711 mai zuciya huɗu, da kafofin USB huɗu waɗanda biyu daga ciki masu sauri ne, da ƙananan kafofin HDMI biyu, da kafar wayar intanet, da Wi-Fi da Bluetooth. Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne jerin fil 40 da ke gefensa, domin ta nan ne allon ke magana da na'urorin waje.

Ɗora manhaja bai ba ni wahala ba. Da manhajar Raspberry Pi Imager na rubuta Raspberry Pi OS, babbar manhajar da ke tafiyar da allon, wadda aka gina a kan tsarin Debian, a katin ajiya na microSD, kuma tun a wannan mataki na sa sunan mai amfani da kalmar sirri da bayanan Wi-Fi, na zaɓi lokacin Riyad, na kunna SSH, hanyar ba allon umarni daga wata na'ura ta intanet. Saboda haka ban taɓa jona masa talabijin ko madannai ba. Daga wayata nake shiga.

Inda mai koyo ya kamata ya nutsu shi ne wajen fil ɗin nan. Suna aiki ne da bolt 3.3, alhali na'urar auna tazara da sauti da na rataya a murfin tankin tana mayar da sigina da bolt 5, kuma idan aka haɗa su kai tsaye ana iya ƙona allon. Resista biyu, ƙananan sassa masu rage wuta, na sa a tsakani suka rage ƙarfin, sannan na rubuta gajeren shiri da harshen kwamfuta na Python wanda ke auna ruwan kowane minti biyar, ya kunna dinamo ta hanyar rile, makunnin da allon ke sarrafawa, idan tankin sama ya yi ƙasa.

Zafi ne ya fi koya mini darasi. Da farko na rufe allon cikin akwatin roba marar iska a ɗakin bene, kuma duk wanda ya san bazarar Makka ya san ana haura digiri 45 da rana. Allon yakan fara rage gudunsa da kansa idan masarrafin ya kai digiri 80, domin ya kare kansa, kuma hakan na gani da na duba. Kuskurena ne, ba nasa ba. Na sauya akwati mai ƙaramar fanka, na manna ƙarfen janye zafi, na sauko da shi inuwar matakala, tun daga nan ya daidaita.

Haka kuma cajar waya mai araha da na fara gwadawa ta riƙa jawo gargaɗin ƙarancin wuta, sai da na samo mai bolt 5 da amfiya 3 kamar yadda aka tanada. Ya kamata a sani cewa allon ba shi da agogo mai batiri, daga intanet yake ɗauko lokaci, don haka na ƙara masa ɗan guntun agogo saboda lissafin ruwan ya zauna daidai ko da intanet ta yanke.

A ganina ya fi ƙarfin aikin tanki kaɗai, shi ya sa yanzu nake shirin jona masa allon nuna lokutan salla a zauren Baba, inda maƙwabta ke taruwa bayan Isha'i.