PhET ya yi, amma kar a bari ya cinye mana ɗakin gwaji

Malamai 'yan uwa masu koyar da fiziks a jami'a, musamman waɗanda aka jefa cikin kwamitin gyaran manhajar karatu kamar ni, ga abin da na gani game da PhET, shafin nan na gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo a kwamfuta, tunda kullum sai wani ya kawo sunansa a zaman kwamiti kamar shi ne maganin duk wata matsalar da muke ciki.

Kun dai san yadda abin ya faro. NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fito da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS a ƙarshen 2022 ta maye gurbin tsohuwar, BMAS, da muka saba da ita, ta ce kashi 70 na kwasa-kwasai nata ne kowa sai ya bi, kashi 30 kuma kowace jami'a ta zauna ta tsara abinta. ASUU ta yi ta ƙorafi a kan wannan rabon, wannan maganar wata rana ce. Mu dai a sashe abin da ya sha mana kai shi ne firaktikal, PHY 107 da PHY 108, don ɗalibai sun yi yawa kayan aiki kuma babu, 'yan injiniya da 'yan likitanci da 'yan kimiyya duk nan suke zubowa a ajin farko, sai ka ga tuli guda a kan tebur ɗaya, biyu ne ke taɓa kayan sauran suna tsaye suna jiran a faɗi lamba su kwafa. To a nan ne sunan PhET ke shigowa.

Ga wanda bai san shi ba, shafi ne na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, Carl Wieman ne ya kafa shi a 2002, shekara ɗaya bayan ya ci kyautar Nobel tare da Eric Cornell da Wolfgang Ketterle. Gwaje-gwajen kwaikwayo ne a cikin kwamfuta, sun haura 150, akwai na fiziks da kemistiri da lissafi da bayoloji, kuma malami da ɗalibi kyauta suke amfani da su a shafin. Abin da ya fi burge ni ma ba kyautar ba ce, a'a, shi ne yawancinsu za ka iya sauke kowanne a matsayin fayil guda ɗaya, ka tura wa wakilin aji ta WhatsApp ya watsa a gurup, ya buɗe a waya ko laftof babu data babu komai. Wanda ya san halin intanet ɗin makarantunmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma af nasu na Android da iPhone, shi kam saye ake yi kusan dala ɗaya, ni dai ban ga dalilin matsa wa ɗalibi ya saya ba tunda fayil ɗin ya wadatar.

Bari in ɗauki Pendulum Lab don shi na fi amfani da shi. Lilo ne da igiya da nauyi a ƙasa, kana ja da yatsa ka sake shi, akwai wajen ƙara tsawon igiya har mita ɗaya, wajen canza nauyi, wajen sa gogayya ko cire ta gaba ɗaya. Igiyar mita ɗaya a duniyarmu tana kai wa da komowa cikin kusan daƙiƙa 2. Sai ka tambayi aji in na ninka nauyin nan fa? wallahi mafi yawansu za su ce zai ƙara sauri, wasu su ce zai rage, ka sa su ɗaga hannu tukuna sannan ka ninka a gabansu a furojekta, lokacin bai motsa ba ko kaɗan, sai ka ji aji ya kaure da surutu. Daga nan ka mayar da shi kan Wata inda g, wato ƙarfin jan abu zuwa ƙasa, ya sauko 1.62, lilon nan ya dinga tafiya a hankali har kusan daƙiƙa 5. Akwai kuma wata duniya da suka kira Planet X da suka ɓoye g ɗinta, ɗalibi ne zai auna ya lissafo da kansa. Wannan kam aikin gida ne mai kyau, ka ba kowane rukuni tsawon igiya daban kar su kwafi juna.

Na biyu Circuit Construction Kit, na PHY 102, kwas ɗin lantarki. Batir da waya da kwan fitila da resista, kana haɗawa kana ganin elektron suna tafiya cikin wayar kamar jerin tururuwa, in ka haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye wuta ta kama a allon, yara suna son wannan sosai har da gangan suke yi. Amfaninsa shi ne tunanin nan da suke zuwa da shi daga sakandare cewa kwan farko yana shanye wutar sai ragowa ke isa na biyu, a nan da idonsu suke ganin ba haka ba ne, abin da ya shiga shi ne ya fita. Kuma ba ni kaɗai na ga haka ba, a 2005 Noah Finkelstein da abokan aikinsa a can Colorado sun buga wani bincike inda suka raba ɗalibai, wasu suka yi da kayan gaske wasu da wannan na kwaikwayon, sai waɗanda suka yi da na kwaikwayon suka fi fahimta a jarrabawa, har ma suka fi saurin haɗa da'irar gaske da aka ba su daga baya.

To amma nan ne fa nake ta rigima da mutane. Wannan binciken in ya shiga kunnen masu riƙe da kuɗin makaranta shi ke nan, za a ce maka ai ga shi Turawa ma sun ce na kwamfuta ya fi, me za a yi da sayen kaya. Alhali binciken a kan fahimtar da'ira aka yi shi a darasi ɗaya, a makarantar da take da kayan a ajiye. Firaktikal na ajin farko ba don fahimtar doka kaɗai ake yin sa ba, ana yi ne don yaro ya koyi awo. Ya riƙe baniya, ma'aunin kaurin ƙananan abubuwa, ya karanta ta, ya ga mita tana rawa ta ƙi tsayawa, ya ƙirga lilo ashirin da agogo a hannu ya sake ƙirgawa ya samu wata lamba daban, ya zana giraf ɗigo-ɗigon su ƙi hawa layi ya zauna ya yi tunanin me ya jawo. A PhET komai tsaf yake fitowa, waya ba ta sakin jiki, batir ba ya mutuwa, iska daga taga ba ta kaɗa igiya. Ɗalibin da aka horar a kan wannan kaɗai har ya gama digiri bai san mene ne kuskuren awo ba, kuma rabin fiziks na gwaji ke nan.

Wani abin kuma, ƙarfin PhET a ajin ɗaya da na biyu yake. Motsi, lantarki, haske, igiyar ruwa da ta sauti, iskar gas, nan duk ya cika. Da ka hau aji uku da huɗu sai ka ga ya yi siriri. Akwai Fourier: Making Waves mai kyau ne gaskiya, akwai Blackbody Spectrum da Rutherford Scattering, amma wasu daga cikin na kwantum, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra, tsofaffi ne da yaren kwamfuta na Java aka rubuta su, sun fi nauyin buɗewa kuma a ƙaramar waya ba su da daɗi. Shi ya sa ni a cikin kashi 30 ɗin nan ban goyi bayan a ƙirƙiri wani kwas na musamman a kansa ba kamar yadda wani abokin aikina ya so. Gara a sa wannan gurbin a kwas na lissafin fiziks da kwamfuta, a koya musu yaren kwamfuta na Python tun aji biyu su rubuta nasu lilon da hannunsu, shi ne zai bi su har wajen neman aiki.

Sannan kar wanda ya ɗauka tura fayil kawai ya isa. In ka bar ɗalibi da Projectile Motion babu takardar tambayoyi, zai wuni yana harba fiyano da mota da kabewa daga igwa yana dariya, ba zai taɓa lura cewa digiri 30 da 60 waje ɗaya suke sauka ba in babu jan iska. Sai malami ya rubuta abin da za a bi, hasashe tukuna sannan gwaji. A shafin akwai darussan da wasu malamai suka ɗora, rijista kawai za ka yi kyauta, amma da yawa na 'yan sakandaren Amurka ne sai ka gyara su sun dace da namu. Ga kuma ɗaliban da wayarsu ƙarama ce ko ba su da ita sam, dole a haɗa su rukuni ko a nemi awa a ɗakin kwamfuta na tsangaya.

Abin da na kai wa kwamiti dai shi ne a rubuta shi ƙarara a cikin tsarin PHY 101 da 102 a matsayin abin nunawa a lakca, a 107 da 108 kuma ya zama aikin share fage da ɗalibi zai miƙa kafin a bar shi ya shiga ɗakin gwaji, makinsa kar ya wuce ɗan kaɗan, kuma a rubuta a takardar da za ta je majalisar jami'a cewa awannin taɓa kayan gaske ba a rage ko ɗaya ba. Wannan layin na ƙarshe shugaban sashe ya ce ya yi tsauri a sassauta shi, na ce ranka ya daɗe a bar shi haka, har yanzu dai muna kai.