Amritsar: lokacin Baisaki ko lokacin Bandi Chhor?

Masu zuwa karatu ko neman magani Indiya sun dame ni da tambaya, wai wane biki ya fi a je a gani a Amritsar, wurin Haikalin Zinare na mabiya addinin Sikh. To bari in faɗi nawa.

Baisaki ranar 13 ko 14 ga Afrilu ake yi, tunawa da ranar da Guru Gobind Singh, ɗaya daga cikin jagororin addinin Sikh, ya kafa Khalsa, wato ƙungiyar mabiyan da suka yi mubaya'a, a 1699, kuma lokacin girbin alkama ne a Punjab, jihar da Amritsar take, ga jerin gwano ga kiɗa, amma fa rana ta fara ɗaukar zafi, duk da mu da muka saba da zafin Sakkwato ba zai ba mu tsoro ba. Kusa da haikalin akwai lambun Jallianwala Bagh inda sojojin mulkin mallakar Ingila suka harbe jama'a ranar Baisakin 1919, ka leƙa.

Bandi Chhor kuwa yana zuwa tare da Diwali, bikin fitilu na Indiya, Oktoba ko Nuwamba, murnar sakin Guru Hargobind daga kurkukun Gwalior tare da sarakuna 52. Dare ne abin kallo, fitilu kan ruwan tafkin da ya kewaye haikalin kamar an zuba zinare. Matsalar hayaƙi ne, ga wasan wuta ga ƙona karan shinkafa a gonaki, mai asma ya yi hattara wallahi. Otal kuma yakan yi tsada, ka kama ɗaki da wuri.

Abinci dai kyauta ne kullum a langar, wato ɗakin cin abincin haikalin, babu nama, a ƙasa ake zama, ka rufe kai ka cire takalmi.

Mai son tarihi da kiɗa ya tafi Afrilu. Mai ɗaukar hoto da ƙirjinsa lafiya, Bandi Chhor.